Motar da ke Kakkarwa a Silo Tana Mutuwa a Danja: A Daina Ɗaga Mata Silo, A Nemo Ciwon

Edita,

Assalamu alaikum. Ina roƙon ka ba ni fili a wannan jarida tamu in yi magana da masu tsofaffin motoci da kuma 'yan'uwana kanikawa, a kan wata larura da kusan kullum sai an shigo da irinta gareji. Mota tana tafiya lafiya ƙalau a kan titi, amma da an tsaya a danja ko an shiga cunkoso sai ta fara kakkarwa, sitiyari yana rawa a hannu, allurar da ke nuna juyin inji tana hawa tana sauka, can sai ta mutu. A tayar ta tashi, a sake tsayawa ta sake mutuwa. Wani direban har ya saba da ita, ƙafa ɗaya a kan birki ɗaya a kan totur.

Abin da ya sa na ɗauki alƙalami shi ne maganin da aka fi yi wa wannan ciwo, wato a ɗaga wa mota silo, juyin da inji ke yi idan tana tsaye ba a taka totur ba. Bakanike ya ja wayar totur ya ɗame ta, ko ya murɗa ƙaramin notin da ke tokare da bakin totur, inji ya ɗaga murya, mai mota ya biya ya tafi yana sa albarka. Wannan gyaran gangar Auzinawa ne. Ciwon yana nan inda yake, an dai rufe masa baki. An kuma ƙara wasu a kai: mota za ta ƙara shan mai, mai giyar otomatik za ta riƙa fizga duk lokacin da aka sa ta a D, kuma sensar da ke gaya wa ƙwaƙwalwar mota cewa an saki totur ta daina faɗar gaskiya. Na biyunsa shi ne canje-canjen kaya da ka: yau fulogi, gobe famfon mai, jibi a ce ƙwaƙwalwa ce ta ƙone. An bar jaki ana dukan taiki, kuɗi kuma suna zurarewa.

Sai an san dalilin da ya sa ciwon ke fitowa a silo kafin a iya kama shi. Idan direba ya ɗage ƙafa daga totur, faifan da ke maƙogwaron inji yana rufewa kusan ruf. Iskar da ke shiga kaɗan ce ƙwarai, man da ake fesawa kaɗan ne, injin kuma yana juyi kusan 700 zuwa 800 ne a minti. A wannan hali ba shi da rarar ƙarfi. 'Yar ɓarakar da ba za a ji ta ba a gudun kilomita 100 ta isa ta ɓata ma'aunin iska da mai a silo, domin ma'aunin da injin fetur yake so shi ne kashi 14.7 na iska a kan kashi 1 na mai, ta nauyi. Fulogin da ya gaji, ko fistin da matsinsa ya ragu, duk suna ɓuya idan inji ya ɗauki gudu, a silo ne asirinsu ke tonuwa.

Don kada maganar ta zama ta iska, zan kafa ta a kan mota ɗaya da kowa ya sani, Toyota Camry ta 1997 zuwa 2001 mai injin 5S-FE, lita 2.2, silinda huɗu, wadda ta cika titunanmu tun zamanin da ake kwararo motoci ta Kwatano. Lambobin da zan kawo nata ne. Tsarin binciken kuwa ya shafi Corolla da Accord da Golf na wancan zamani, sai dai kowacce a duba nata lambobin. A ƙarshe zan taɓo masu kafireto irin su Peugeot 504.

Kafin a ɗauki sifana, a tambayi mai mota. Yaushe take yi? Idan da safe ne kawai inji yana sanyi, da ya ɗau zafi ta daidaita, hankali ya tafi ga bawul ɗin silo da gasket ɗin manifol, bututun da ke raba wa silindodi iska. Idan sai ta yi zafi take farawa, a zargi sensar zafin ruwa da bawul ɗin EGR mai mayar da hayaƙi cikin inji, da kwayil. Idan sai an kunna na'urar sanyaya ɗaki ko fitila ko an murɗa sitiyari har ƙarshe take mutuwa, bawul ɗin silo ne ba ya iya ƙara iska a kan lokaci, ko kuma caji ya yi rauni. Idan taka birki ne ke kashe ta, akwai inda za a duba, zan zo kansa. Idan kuwa washegarin shan mai a wani wuri ta fara, ko bayan wankin inji, ko bayan wani ya taɓa ta, to amsar tana cikin tambayar. Minti biyar na wannan hira ya fi awa biyu na kwance-kwance.

Akwai kuma kakkarwar da ba ta inji ba ce sam. Idan allurar juyi tana tsaye cak wuri ɗaya, ƙarar salansa tana fita sumul, amma jikin mota yana ɓari, musamman a D an taka birki, sannan ya lafa a N, to kujerun inji ne robarsu ta mutu. Wannan ba ya kashe mota. Kada a kwance mata komai a kai.

Motocin da aka shigo da su daga Amurka suna da mashigar na'urar bincike mai ramuka 16 a ƙarƙashin sitiyari, domin tun 1996 doka ta wajabta ta a can. A jona na'ura ko da fitilar inji ba ta kama ba, don da yawa an cire musu ƙwan fitilar tun kafin a sayar. P0505 tana nuni ga tsarin silo, P0171 tana cewa iska ta fi mai yawa, P0301 zuwa P0304 silinda ce ke tsallake wuta, lambar ƙarshe kuma ita ce lambar silindar. P0401 da P0402 na EGR ne, P0115 ta sensar zafin ruwa. Amma lamba ba ta cewa a sayi sabon abu, unguwar da ɓarawon yake kawai take nunawa. Abin da ya fi lambobin amfani, wanda da yawa daga masu na'urar ba sa dubawa, shi ne adadin gyaran mai da ƙwaƙwalwa take yi da kanta. Idan a silo tana ƙara mai fiye da kashi 10 cikin 100, amma da an ɗaga inji zuwa 2,500 adadin ya sauko kusa da sifili, iska ce ke shiga ta ɓarauniyar hanya. Idan kuwa adadin ƙaruwa yake yi yayin da ake ɗaga inji, man ne ba ya isa, sai a nufi famfo da filta. Wannan awo ɗaya ya raba gardama tsakanin ɓangarori biyu.

Yanzu ga inda na fi so a daɗe, domin a wannan injin nan ne gizo ya fi yin saƙa. A ƙarƙashin maƙogwaron totur akwai bawul ɗin silo. Aikinsa ya zagaya da iska ta bayan faifan totur idan faifan ya rufe, ƙwaƙwalwa ce kuma ke juya shi, ta buɗe kaɗan ko da yawa gwargwadon nauyin da ke kan inji. Tururin baƙin mai da ke dawowa daga murfin inji yana haɗuwa da ƙura, musamman ƙurar hunturu idan filtar iska ta yage ko murfinta bai zauna ba, su zama wani baƙin danƙo mai kama da kwalta. Danƙon nan shi ke riƙe bawul ɗin. Ƙwaƙwalwa ta ce buɗe, shi kuma ya maƙale, inji ya shaƙe ya mutu. Alamarsa sananniya ce: da safe mota ta tashi ta mutu nan take sai an riƙe mata totur, ko kuma ba ta yin wannan ɗagawar ta safe zuwa sama da 1,000 da ya kamata inji mai sanyi ya yi.

Wankinsa iri biyu ne. Na gaggawa, a cire babban tiyon iska, a buɗe faifan totur da hannu, a goge gefensa da bangon maƙogwaron da tsumma mai tsabta da maganin wanke kafireto na gwangwani har ƙarfen ya fito fes. A gaban faifan akwai wani rami da ya gangara ƙasa, shi ne ƙofar bawul ɗin. A fesa maganin ciki kaɗan-kaɗan, a bar shi ya jiƙa minti goma, a mayar da tiyo a tayar. Za ta yi gardamar tashi ta yi hayaƙi na ɗan lokaci, ba komai. Na sosai kuwa, a bari inji ya huce, a cire maƙogwaron gaba ɗaya. Akwai ƙananan tiyo biyu na ruwan lagireto da ke bi ta jikin bawul ɗin, a toshe su kada ruwa ya zube. Sukurori huɗu ne ke riƙe da shi kuma suna da saurin cinyewa, don haka a sa sukundireban da ya cika kansu dam, a danna da ƙarfi kafin a murɗa. A wanke ɓangaren ƙarfen har sai ɗan gangan da ke ciki yana juyawa da ɗan yatsa ba tare da tirjiya ba. Kada a tsoma ɓangaren lantarkin cikin fetur. A sa sabon gasket, domin tsohon idan ya taurare zai iya barin ruwa ya shiga hanyar iska. Bayan an haɗa, a cire fis ɗin da aka rubuta wa EFI na minti ɗaya ko a cire kan batir na baƙar waya, a mayar, a bar mota ta yi silo har fanka ta kama, don ƙwaƙwalwa ta sake koyon ma'auninta. Idan wani ya riga ya ɗame wayar totur, a sassauta ta har ta sami ɗan wasa. Inji mai zafi, ba fitila ba na'urar sanyi, a N, ya kamata ya zauna wajen 700 zuwa 750.

Sai ɓarakar iska. Motar da ta haura shekara 20 a zafin ƙasar nan, robobinta sun bushe. A bi ƙananan tiyoyin da ke manne da manifol ɗaya bayan ɗaya, a lanƙwasa kowanne a ga ko ya tsage, musamman daidai bakinsa. A kasa kunne, ɓaraka tana yin shiii kamar tayar da ƙusa ta huda. Idan ido da kunne ba su kama ba, a fesa maganin kafireto kaɗan a gindin manifol, da gindin nozul-nozul, da mahaɗar tiyoyi, inji yana silo. Inda aka fesa murya ta canza, nan ne. Maganin nan yana kamawa da wuta, don haka a yi tun inji bai yi zafi ba, a nisanci wayoyin fulogi da bakin salansa, abin kashe gobara yana kusa. Wannan injin ba shi da sensar auna iska a kan tiyo, sensar matsi ce ke gare shi da ɗan siririn tiyo zuwa manifol, shi ya sa babbar ɓaraka takan sa silonsa ya hau ko ya riƙa lilo maimakon ya sauka. Idan tiyon sensar ne da kansa ya tsage, ƙwaƙwalwa za ta zaci an taka totur, ta ambaliya mai, baƙin hayaƙi ya biyo baya. A zare bawul ɗin PCV da ke kan murfin inji, wanda ke mayar da tururin baƙin mai cikin manifol, a girgiza shi, idan bai yi ƙaras-ƙaras ba a canza, ba shi da tsada.

Maganar birki da na ce zan dawo kanta: baƙin gangan da ke bayan tukunyar man birki da zuƙar manifol yake aiki. Idan fatar cikinsa ta yage, duk taka birki sai iska ta kwarara cikin inji, shi ya sa mota ke mutuwa daidai lokacin tsayawa. A matse babban tiyonsa da filaya mota tana tsaye, a taka birki. Idan kakkarwar ta ɓace, an kama shi. Wannan ba abin jinkiri ba ne, maganar birki ce.

EGR bawul ne da ke mayar da ɗan hayaƙin salansa cikin inji don rage zafin ƙuna, kuma a silo dole ya kasance a rufe. Idan ɓarɓashin gawayi ya tokare shi ya zauna a buɗe, inji yana shaƙar hayaƙin da ba ya ci da wuta a lokacin da ya fi rauni. A zare ƙaramin tiyon da ke kansa a toshe. Idan silo ya gyaru, bawul ɗin lafiya yake, abin da ke aiko masa da zuƙa ne ya lalace. Idan bai canza ba, a sa wani tiyo a zuƙa da famfon hannu: inji mai lafiyayyen EGR zai shaƙe ko ya mutu nan take. Wanda bai ko motsa ba, a kwance shi a kankare mazauninsa da hanyoyinsa.

Ina da ƙorafi a kan abin da ya zama al'ada a garejinmu. Mota ta sauka daga Turai ko Amurka, abu na farko a cire mata tamostat, abin da ke tsare ruwa har inji ya ɗau zafi, a jefar, a haɗa fanka kai tsaye, wai ƙasarmu da zafi. Ba haka abin yake ba. Tamostat ɗin wannan inji yana buɗewa ne a wajen digiri 82, kuma an ƙera injin ya yi aiki sama da haka ko a Sakkwato ko a Landan. Idan aka cire shi, da safiyar hunturu ko a doguwar tafiya ruwa ba ya kai wa zafin da ake so. Ƙwaƙwalwa tana ganin inji bai gama ɗumama ba, sai ta ci gaba da ba shi mai da yawa kamar yanzu aka tayar. Fulogai su yi baƙi, gawayi ya taru a bawul da EGR, fetur ya wanke bangon silinda ya tsinka baƙin mai. Bayan wata shida mai mota ya dawo da kakkarwar silo, ba wanda zai tuna da tamostat. Motar da ke zafi fiye da kima, lagiretonta ne ya toshe, ko murfinsa ya saki, ko famfon ruwa, ko fanka. Waɗannan ake gyarawa.

Ita sensar zafin ruwan, a lura guda biyu ce a kusa da juna. Mai waya ɗaya ta allurar dashbod ce, mai waya biyu ita ke magana da ƙwaƙwalwa, don haka allura tana iya nuna daidai alhali ƙwaƙwalwa ƙarya ake gaya mata. A cire soket a sa mita. A zafin digiri 20 ta ba da om 2,000 zuwa 3,000, a digiri 80 ta sauko om 200 zuwa 400. Wadda ta tsaya a sama bayan inji ya yi zafi ita ce ke sa mota ta yi lafiya da safe, da rana ta riƙa mutuwa tana warin ɗanyen mai.

Idan kakkarwar mai tsari ce, dum-dum-dum kamar doki mai ɗingishi, silinda ɗaya ce ba ta aiki. Kada a riƙa fizge wayar fulogi inji yana tafiya kamar yadda aka saba a da. Wannan samfurin ba shi da distributa, kwayil biyu gare shi, ɗaya na silinda 1 da 4, ɗaya na 2 da 3, kuma barin wuta ba ta da inda za ta sauka yana kashe kwayil, ban da girgizar da mutum zai sha. A cire soket ɗin nozul ɗaya bayan ɗaya. Wadda aka cire inji ya ƙara shaƙewa, tana aiki. Wadda aka cire bai ji komai ba, ita ce matacciya. Idan biyu ne suka mutu tare, 1 da 4 ko 2 da 3, kwayil ne. Idan ɗaya ce, a zaro wayarta a leƙa ramin fulogin. Sau da yawa za a tarar da shi cike da baƙin mai, domin murfin wannan inji manyan notoci huɗu masu lamba 30 ne ke riƙe da shi a kan bututun fulogi, kuma robar wurin tana saki. Man yana cinye robar waya, wuta ta riƙa tsallakewa gefe. Canza fulogi ba tare da tsayar da yoyon ba, kashe maciji ne ba a sare kansa ba.

Fulogin da ya dace da shi mai ƙafa biyu ne, tazarar bakinsa milimita 1.1. Launinsa labari ne: ruwan ƙasa-ƙasa lafiya, baƙi busasshe mai ya yi yawa, baƙi mai maiƙo ringi ko robar bawul, fari fat mai ya yi kaɗan, wanda kuma ya fita tas kamar an wanke shi alhali sauran da datti, ruwa ne ke shiga silindar. Kowace wayar fulogi kada ta wuce om 25,000. Da dare a buɗe bonet a wuri mai duhu, a yayyafa wa wayoyin ruwa kaɗan, mai yoyon wuta za a gan ta tana tartsatsi. Jabun fulogi ya yi yawa a kasuwa, kwali mai kyau, ciki ba komai. Wanda farashinsa ya yi araha fiye da hankali a bar shi.

Famfon mai shi aka fi ɗora wa laifi, kuma shi ya fi ƙarancin laifi a matsalar silo zalla. A silo ne inji ke buƙatar mai mafi ƙanƙanta. Famfon da ya gaji a hawan tudu ko wajen wuce wata mota yake fara nuna kansa. Ba a yanke masa hukunci da zare tiyo a ga mai yana tsartuwa, geji ake sawa. A wannan Camry ɗin matsin ya zauna tsakanin 44 da 50 a ma'aunin psi, wato 3 zuwa 3.5 a ma'aunin bar, kuma bayan an kashe inji ya riƙe aƙalla 21 har minti biyar. Idan ya zube nan da nan, ko nozul tana ɗiga ko bawul ɗin famfo ya saki. Kafin a kwance kowane bututun mai a yanke wa famfon mai wuta a bar mota ta mutu da kanta don matsin ya sauka. Tun da aka cire tallafin mai a watan Mayun 2023 mutane da yawa suna yawo da lita uku ko huɗu a tanki. Famfon a cikin tankin yake, fetur ne ke sanyaya shi, don haka yawo a kan jar fitila yana gasa shi, kuma a kwana ko a birki yakan zuƙi iska mota ta yi kamar za ta mutu. A ƙoƙarta kada ya gaza kwatan tanki.

Shi kansa man abin zargi ne. Ba a manta da watan Fabrairun 2022 ba, lokacin da aka shigo da fetur mai methanol fiye da kima motoci suka yi ta lalacewa. Balle na jarka a bakin titi. A ɗebi kaɗan a farar kwalba a ajiye minti goma, idan da ruwa zai kwanta a ƙasa a ga layinsa. Irin wannan sai a juye tanki a canza filta. Nozul kuma a sa mata dogon sukundireba a kara kunne, mai aiki tana yin tik-tik-tik ba yankewa.

Idan duk wannan bai nuna komai ba, sai a tambayi injin kansa. Gejin zuƙa a jikin manifol, inji mai lafiya yana ba da inci 17 zuwa 21 a silo, allura a tsaye. A Jos zai ɗan gaza haka saboda tudu, kusan inci ɗaya a kowace mita 300. Allurar da ke faɗuwa tana dawowa a kan tsari, bawul ne ya ƙone ko ba ya rufewa. Wadda ta zauna ƙasa ba motsi, taimin ya makara, wataƙila bel ya tsallake haƙori, sai a duba alamomin. Idan aka riƙe inji a 2,500 allurar tana zamewa ƙasa a hankali, salansa ce ta toshe, galibi katalis, matacin hayaƙin da ke cikinta, ya narke. Daga nan awon matsi: a cire fulogai duka, totur a buɗe, inji da ɗumi. Lafiyayye yana kai wa 178 psi, mafi ƙarancin da aka yarda da shi 142, kuma bambanci tsakanin silinda kada ya wuce 14. Wadda ta gaza, a zuba mata cokali ɗaya na baƙin mai a sake awo. Idan ta hau, ringi ne. Idan ba ta hau ba, bawul ne, kuma kafin a ce a sauke kan inji a auna tazararsa da sanyi, na shiga milimita 0.19 zuwa 0.29, na fita 0.28 zuwa 0.38. Silinda biyu maƙwabta da suka faɗi tare, gasket ɗin kan inji ya fashe a tsakaninsu. Sai an kai nan ne maganar buɗe inji take da hujja.

Abubuwa uku a gurguje. Batir a kashe ya nuna wajen bolt 12.6, inji yana tafiya 13.5 zuwa 14.5, kuma wayoyin da suka haɗa inji da jikin mota a kankare su a ɗaure. Motar da ke mutuwa farat ɗaya kamar an kashe makulli idan ta yi zafi, ta ƙi tashi sai ta huce, a nemi wuta a daidai lokacin da ta ƙi, domin sensar kurankishaf da kwayil sun iya wannan wasa. Mai otomatik da ke shaƙewa tana fizga wajen tsayawa bayan doguwar tafiya, kamar mai giyar hannu da aka manta ba a taka kuloci ba, amma a N ba ta yi, matsalar a giya take.

Masu 504 da 505, waɗanda aka riƙa haɗawa a Kaduna, har yanzu suna nan suna jigila a ƙauyuka, kuma kuskurensu ɗaya ne: da mota ta yi tari sai a faɗa wa kafireto. Shi ne na ƙarshe a layi. A fara da bawul da sanyi, a injin 504 na lita 2 na shiga milimita 0.10, na fita 0.25. Sai kwantak, tazara 0.40, a duba fuskarsa, idan ta ƙone ta yi rami a canza har da kwandensa. Sai taimin, kuma dole bayan kwantak, domin taɓa tazarar kwantak yana gusar da taimin. A tuna Peugeot daga wajen kuloci take fara ƙirga silinda ta 1, jerin wutar kuma 1-3-4-2. Bayan haka ne a zo kan kafireto. Motar da ke tafiya da totur amma ba ta silo ko kaɗan, ƙaramin jet ɗin silo ne ya toshe. A zaro shi a hura da iska, kada a zura masa waya, ramin yana faɗaɗa ya lalace har abada. Idan mai wayar lantarki ne, a kunna makulli a taɓa wayar a ji ko yana yin ƙas. Mai da ke ɗiga cikin maƙogwaro a silo, fulot ne ko allurarsa. A girgiza sandar faifan totur, idan tana wasa iska na shiga ta nan kuma ba saitin da zai zauna. Wajen saiti, inji da zafi, a murɗa sukurun gauraya ciki a hankali har ya taɓa ba tare da an matse ba, a dawo da shi juyi biyu, a tayar, a riƙa juyawa kwata-kwata har a sami inda inji ya fi sumul, sannan a daidaita gudu da ɗaya sukurun zuwa 800 ko 900. Idan ana juya sukurun gauraya inji bai ko kula ba, hanyar silo a toshe take ko gindin kafireto yana shan iska, a sauke shi a duba gasket ɗin da lafiyar gindin a kan gilashi.

Na gode, Edita. Allah ya ƙara wa jarida ɗaukaka.

Naku,
Wani bakanike, daga Kaduna